Hedifon Mai Tsada Mai Bes Da Yawa: Yadda Za Ka Gwada Shi Kafin Ka Fitar Da Kuɗinka

Duk wanda ya shiga shagon kayan waya neman hedifon ya san yadda cinikin yake farawa. Mai shago zai ɗora maka shi a kai, ya kunna kiɗa mai duka, ya ƙure ƙara, sannan ya ce, "Alhaji, ka ji bes kuwa?" Cikin daƙiƙa goma ƙirjinka ya amsa, hannunka ya nufi aljihu. Matsalar ita ce wannan gwajin ba ya bambanta hedifon na kirki da na banza, domin yawan bes shi ne abu mafi sauƙi kuma mafi arha da kamfani zai iya cusa wa hedifon. Abin da ke cin kuɗi shi ne bes mai tsabta, wanda ba ya danne sauran sautuka.

Kunnen mutum mai lafiya yana jin sauti daga 20 Hz zuwa kusan 20,000 Hz, wato yawan kaɗawar iska a daƙiƙa ɗaya. Abin da ake kira bes yana tsakanin 20 da 250, kuma kashi biyu ne. Daga 20 zuwa 60 akwai na can ƙasa, mai kama da rugugin hadari daga nesa, wanda jiki ke ji kusan fiye da kunne. Daga 60 zuwa 250 kuwa nan ne bugun ganga da kaurin murya suke. Hedifon da aka yi don ya burge mai saye a shago yawanci wajen 100 zuwa 200 ake kumbura masa, saboda shi ne ake saurin ji. To amma tushen muryar namiji yana tsakanin 85 da 180, ta mace kuma kusan 165 zuwa 255. Ƙari a kan haka, a tsarin jin ɗan Adam sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yana rufe na sama da shi. Shi ya sa za ka ji mawaƙi kamar yana rera waƙa daga cikin bargo, kalangu ya daina magana ya koma dum-dum kawai, karatu ko wa'azi ya riƙa gajiyar da kai bayan rabin awa ba ka san dalili ba. Ga mai sauraron waƙar da baitinta shi ne jigo, wannan babbar asara ce.

Me ya sa yawan bes ba shi da tsada? A ɗaki sai an samu babbar lasifika kafin a motsa iskar da za ta ba da rugugi. A hedifon kuwa iskar da ke tsakanin ƙaramar lasifikarsa da dodon kunnenka 'yar kaɗan ce, kuma a rufe take. Iyafis mai lasifikar milimita 10 yana iya kaiwa 20 Hz muddin robarsa ta toshe kunne da kyau. Saboda haka kada rubutun "50mm" a jikin kwali ya ruɗe ka. Girman lasifika shi kaɗai ba shaidar komai ba ne.

An ma auna wannan. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba ma'aunin hedifon 283 masu farashi daban-daban, bai samu wata alaƙa ta a zo a gani tsakanin farashi da yadda suke fitar da sauti ba. A kamfanin Harman kuma, Sean Olive da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna gwada mutane ba tare da sun ga sunan abin da ke kansu ba. Sun gano cewa mafi yawan mutane, kusan kashi biyu cikin uku, sun fi son a ɗaga bes da 'yan desibel kaɗan (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma a ƙasa da 100 Hz ko kusa da haka. Ke nan son bes ba aibi ba ne, yawancin mutane suna sonsa. Inda aka ɗaga shi ne abin lura. Shi kuwa salon sayar da hedifon da sunan bes a kan farashi mai tsada, kamfanin Beats ne ya yaɗa shi bayan fitowar hedifon ɗinsa na farko a 2008 a kan sama da dala 300, har Apple ya sayi kamfanin a 2014 a kan dala biliyan 3. Wani kaso na irin wannan farashi kuɗin suna ne da talla, ba na sauti ba.

Yanzu ga yadda ake gwaji. Je da wayarka, kada ka yarda da ta mai shago ko kiɗan da ya zaɓa. Ka tanadi abu uku a ciki: kiɗa mai bes da ka san shi sosai, muryar mutum zalla kamar labarai ko karatu, da manhajar da ke fitar da sauti ɗaya tak a kan lambar da ka zaɓa, akwai su kyauta da yawa.

Fara da daidaita ƙara. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin bes sosai idan sauti ya yi ƙasa, yana ƙara jinsa idan an ɗaga. Ma'anar wannan a shago ita ce, cikin hedifon biyu, wanda ya fi ƙara kusan kullum shi zai fi daɗi a minti na farko, ko da shi ne mafi muni. Ka saita kowanne har muryar mai magana ta zo daidai da ta ɗayan a kunnenka, sannan ka kwatanta. Ka kuma yi gwajin a ƙarar da za ka riƙa saurare a gida, ba a ƙure ba.

Daga nan kunna sautin gwaji da ƙara matsakaiciya. Fara da 100 Hz, ka sauka 60, 40, sannan 30. A hedifon mai kyau sautin zai riƙa yin ƙasa sumul, a 30 ka ji shi kamar matsin iska a kunne. Idan daga 60 zuwa 40 ya ɓace kwatsam, to dukan da ka ji ɗazu kumburin tsakiya ne kawai. Idan kuma ka ji kakkarwa, ko ƙarar roba tana taɓa roba, ko wani zuuu mai kaifi a kan sautin, lasifikar ta gaza ko wani abu ya saki a ciki. Lura da ko kunnen hagu da na dama suna ba da ƙarfi ɗaya. Bayan haka koma kan muryar: kana jin "s" da "sh" da "ts" tangaram? Sai kiɗan: lokacin da ganga ta buga, muryar mawaƙi tana nan daram ko tana ja da baya?

Akwai gwajin da mutane kaɗan ke yi, alhali shi ne ya fi tasiri. Yayin da kiɗa ke tafiya, sa tafin hannu ka ɗan danna hedifon ɗin a kan kunnuwanka. Idan bes ya ƙaru sosai nan take, iska na zurarewa, hedifon ɗin bai zauna a kanka ba. Hannun tabarau mai kauri, bakin hula, ɗankwali, kitso ko sumar da ta shiga ƙarƙashin soson, kowanne yana iya buɗe 'yar kafar da za ta kwashe bes ɗin da ka biya kuɗi dominsa. Don haka ka gwada shi a shigar da kake yi kullum, da tabaranka a fuska. A iyafis ma haka ne: yawanci yana zuwa da roba ƙarama, matsakaiciya da babba, kuma mutane da yawa da ke kukan nasu ba shi da bes, robar da ta yi musu kaɗan suka bari a kai. Ba abin mamaki ba ne kunnen dama ya buƙaci girma daban da na hagu.

Ka bar shi a kai minti goma sha biyar zuwa ashirin idan mai shago ya yarda. Nauyi da matsi ba sa bayyana a minti biyu. Sony WH-1000XM5 giram 250 ne, AirPods Max kusan 385, kuma wuya yana sanin bambancin bayan awa guda.

Kafin ma ka je kasuwa, gwada wanda ke hannunka da ikwalaiza, wato saitin da ke ba ka damar ɗaga ko rage wani ɓangare na sauti, kamar bes, shi kaɗai. Wayoyi da yawa suna da ita a saitin sauti, Spotify yana da tasa, a Android akwai Wavelet, a kwamfuta mai Windows akwai Equalizer APO. Ɗaga abin da ke ƙasa da 100 Hz da desibel 4 zuwa 6, ka rage wajen 200 zuwa 250 da desibel 2 ko 3. Wannan ragin ne ke fito da murya. Idan manhajar tana da wurin rage ƙarar gaba ɗaya, rage ta da adadin da ka ɗaga, in ba haka ba sautin zai riƙa tsagewa duk lokacin da ganga ta buga. Sau da yawa wannan ya wadatar, ba ka kashe ko sisi ba. Sai dai ƙarin desibel 6 yana nufin lasifikar za ta yi ninkin motsin da take yi, ta kuma ci wuta ninki huɗu. Idan taka ta fara kakkarwa a nan, ka kai iyakarta, kuma wannan dalili ne na gaskiya na neman wadda ta fi ta.

Wurin da tsada ke biyan kanta ba tantama shi ne fasahar kashe hayaniya, wadda ake rubutawa ANC. Ƙananan makirfo a jikin hedifon suna ɗaukar ƙarar waje, sai na'urar ta fitar da kishiyarta su kashe juna. Ta fi aiki a kan ƙara mai kauri da ba ta canzawa: janareto, injin bas, jirgin sama, fanka. Irin wannan ƙara a layi ɗaya take da bes, ita ce ke cinye shi, shi ya sa a cikin mota kake ta ƙara sauti kana jin bai isa ba. Idan an kawar da wannan ƙarar, bes matsakaici ma ya ishe ka. Sai dai fasahar ba ta iya yin komai sosai da hon ko surutun mutane. A nan bambancin mai arha da mai tsada a fili yake, kuma gwada shi ba wuya: tsaya kusa da janareton shago, kunna ta ka kashe ba tare da kiɗa ba. Kada dai a yi amfani da ita a kan babur ko wajen tsallaka titi.

Akwai kuma irin Skullcandy Crusher, mai wata na'ura ta daban da ke girgiza hedifon ɗin a kanka. Girgiza ce ake ƙara wa sautin. Masu fim da wasan gem suna jin daɗinta, amma ba za ta ƙara wa murya ko kiɗa tsabta ba.

Wasu rubuce-rubucen kwali suna sa a biya kuɗin abin da ba za a mora ba. LDAC, aptX, SBC da AAC tsare-tsare ne na aika sauti ta Bluetooth. LDAC yana iya aikawa har kilobit 990 a daƙiƙa, amma iPhone ba ya amfani da shi ko aptX, SBC da AAC kawai ya sani. Kuma ko a Android yawan bes bai dogara da wannan ba. A hedifon mai igiya duba lambar om, wato ma'aunin yadda yake turje wa wutar da waya ke aika masa. Beyerdynamic DT 770 Pro, alal misali, yana zuwa da 32, da 80, da 250. Na 32 shi ne na waya. Na 250 idan ka jona shi kai tsaye zai yi ƙasa, sai ka sayo masa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Sai tsawon rai, wanda a ƙasa mai zafi ya kamata ya zo kusan farko. Fatar roba da ke kan soson kunne tana ɓarewa da gumi da zafi, kuma da zarar soson ya lotsa iska ta fara zurarewa, bes ya tafi. Tambayi mai shago ko ana cire soson, ko kuma ana samun na canji. Batirin lithium yana fara rauni bayan cikakken caji 300 zuwa 500, zafi kuma yana gaggauta hakan, don haka barin hedifon a cikin mota da rana a watan Afrilu rage masa kwana ne. Nemi wanda ke da ramin igiya na milimita 3.5, ka kashe shi ka jona igiyar a gabansa ka tabbatar yana aiki ba wuta. Mai igiya zalla ba shi da wannan damuwar. Sony MDR-7506 yana kasuwa tun 1991 kuma har yau ana samun sosonsa. Ka raba farashi da shekarun da kake sa ran zai yi, lissafin yakan sauya ra'ayi.

Jabu ya fi yawa a sunayen da suka fi tsada, kuma bes mai kumburi ne abin da ya fi iya kwaikwaya. Lambar da ke jikin kwali ba hujja ba ce, ana kwafo ta daga na ainihi. Sauke manhajar kamfanin ka ga ko za ta gane shi ta buɗe duk saitinsa, sannan ka maimaita gwajin janareto, domin jabu yakan yi sanarwar ya kunna kashe hayaniya alhali ƙarar waje tana nan yadda take.

Game da lafiyar kunne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, 92 awa biyu da rabi kacal a mako. Hedifon da bes ɗinsa ya danne murya yana tura ka ɗaga sauti don ka ji kalmomi, nan haɗarin yake. Idan ka cire shi ka ji kunnenka na ƙara, ka wuce iyaka.

Mai yawan tafiya, ko mai aiki kusa da inji, ko wanda ke sa hedifon awa huɗu ko biyar a rana, zai ci moriyar mai tsada idan ya tsallake waɗannan gwaje-gwajen. Wanda rugugi kawai yake nema a ɗakinsa, iyafis mai igiya na wajen dala 20 da robar da ta dace da kunnensa da ikwalaiza za su ba shi. Duk wanda ka zaɓa, karɓi rasit mai ɗauke da lambar hedifon ɗin, ku kuma yi magana da mai shago a kan kwana nawa za ka iya dawo da shi, saboda matsin kai da rashin daidaiton kunne biyu sukan fito ne a kwana na biyu ko na uku.