Darasi na 7: Nauyin babbar bindigar farauta

A darasin da ya wuce mun koyi karanta sikeli, mun san garam 1000 su ne kilo 1. Yau za mu kai wannan karatu kan bindiga. Wanda ba maharbi ba kada ya ce darasin ba nasa ba ne, domin lissafin da ke ciki na kowa ne.

Wace ce babbar bindiga?

Maharbanmu na ƙasar Damagaram sun saba da bindiga iri biyu. Akwai ta toka, wadda maƙeri yake ƙerawa, ana ɗura mata albarushi ta baki. Akwai kuma kalibar 12, mai watsa ƙananan darma. Su ake ɗauka a tafi neman zabin daji da zomo da fakara. Babbar bindiga dabam take. Harsashi ɗaya take fitarwa, dunƙulalle, kuma a cikin hancinta akwai zane murɗaɗɗe wanda yake sa harsashin ya fita yana juyi, ya tafi sak. An yi ta ne saboda ɓauna da giwa da dorina da zaki, namun da in ka raunata su ba lalle su gudu ba, kanka suke yowa.

Ana kiran kowace da faɗin harsashinta a awon inci. Wadda ta fi suna ita ce .375, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da ita a 1912. Faɗin harsashinta milimita 9 da rabi, nauyinsa kimanin garam 19, yana fita da gudun wajen mita 770 a daƙiƙa ɗaya. Sama da ita akwai .416 Rigby ta shekarar 1911, mai harsashin garam 26. Sai .458 Winchester da Amurkawa suka yi a 1956, mai harsashin garam 32. Ƙasashe da dama na gabashi da kudancin Afirka ba sa yarda a tunkari ɓauna ko giwa da abin da bai kai .375 ba, ko wadda take dab da ita.

Mu faɗi gaskiya tun da wuri: daga Magariya har Tanut babu naman da ke bukatar irin wannan bindiga. Amma samarinmu suna fita neman kuɗi, wasu har arewacin Kamaru, inda ake da dazuzzukan farauta da izinin hukuma, su yi aikin bin sawu ko ɗaukar bindiga. Kuma abin da ke sa babbar bindiga ta yi shuri shi ne ke sa ta toka ta yi, bambancin ƙarfi ne kawai.

Daga ina shuri yake zuwa?

Idan ka taɓa kunama, albarushi ya kama, iskarsa tana tura harsashi gaba. Da wannan ƙarfin dai take tura bindiga baya, ta faɗa wa kafaɗarka. Ba a raba su. Harsashi ƙarami ne, shi ya sa yake tashi da gudu. Bindiga ta ninka shi nauyi wajen sau 200, shi ya sa ita take komowa a hankali. Ka tuna yaron da ya dira daga kan amalanke. In amalanken babu kaya, sai ya gangara baya. In an lafta masa buhunan hatsi, ko motsi ba ya yi, alhali yaron ɗaya ne, tsallen ma ɗaya.

Maƙeran Ingila na da sun ajiye wata ƙa'ida a kan bindiga mai watsa darma, ana danganta ta da W. W. Greener na birnin Bamingam: nauyin bindiga ya ninka nauyin darmar da take harbawa sau 96. Mu gwada da kalibar 12. Darmar kartush ɗaya garam 32 ce. Garam 32 sau 96 sun ba da garam 3072, wato kilo 3 da ƴan kai. In ka ɗora bindigarka a sikeli ka ga ba ta kai kilo 3 ba, ga dalilin da kafaɗarka take kwana da tsami. Wannan ƙa'ida ba ta isa ga babbar bindiga ba, domin harsashinta ya kusa ninka darmar kalibar 12 gudu, kuma albarushinta ya fi yawa.

Lissafin kilo da shuri

Masana suna auna ƙarfin shuri da wani awo da ake kira jul. Ba sai ka san asalinsa ba. Abin da za ka riƙe shi ne, in lambar ta hau, duka ya ƙaru. Ga harsashin .375 da muka ambata, ka ɗauki lamba 210 ka raba ta da nauyin bindiga a kilo. Abin da ya fito shi ne kimanin shurinta.

Bindiga mai kilo 3: 210 ÷ 3 = 70
Bindiga mai kilo 4: 210 ÷ 4 = 52 da rabi
Bindiga mai kilo 5: 210 ÷ 5 = 42
Bindiga mai kilo 6: 210 ÷ 6 = 35

Ka sake karanta lambobin nan a hankali, ka duba tazarar da ke tsakaninsu. Daga kilo 3 zuwa 4, shuri ya ragu da kusan 18. Daga 4 zuwa 5, ya ragu da 10 da rabi. Daga 5 zuwa 6, da 7 kacal. Kilo na farko da ka ƙara ya biya ka sosai, na biyu ya biya ka kaɗan, na uku kuwa dako kawai kake yi masa. Shi ya sa masu sana'ar suka tsayar da .375 tsakanin kilo 4 da 4 da rabi. Ita .416 da .458 lambarsu ba 210 ba ce, tana wajen 365. In ka raba 365 da 4 za ka samu sama da 90, abin da mutum kaɗan ne ke jurewa. In ka raba da 5 za ka samu 73. Don haka ba a son su kasa kilo 4 da rabi, kuma kilo 5 ya fi musu daɗi. Manyan masu baki biyu, irin su .470, a wajen kilo 5 ake yin su, wasu su ɗara.

Wani dattijo a ajinmu na yamma da ya ga wannan lissafi sai ya ce, "Malam, ni kuwa namiji ai ba ya gudun shurin bindiga."

Na ce, "Baba, kai ba ka gudunsa, amma idonka yana gudunsa, kuma ba ya shawara da kai."

Abin da nake nufi ke nan. Bindiga maras nauyi ba ta karya kafaɗa, abin da take ɓatawa hannun maharbi ne. Ta buge ka sau ɗaya, sau biyu, jikinka ya haddace. A karo na gaba, kafin kunama ta sauka, ido ya runtse, kafaɗa ta zabura gaba don ta tari dukan, bakin bindiga ya duƙa. Harsashi ya tafi ƙasa. Mai shi bai san ya yi ba, sai ya ce saitin ne ya lalace. Ana gane wannan ciwo da gwaji mai sauƙi a wurin koyon harbi: abokinka ya miƙo maka bindiga, ba ka san ko da harsashi a ciki ko babu ba. In ka taɓa kunama ta ce ƙyas, babu harsashi, amma bakin bindiga ya yi ƙasa, to ciwon ya kama ka. Harbin zomo ne, ka kwana babu nama. Harbin ɓauna ne, ka raunata ta, ta shige ciyawa tana jiranka, kuma mai bin sawu shi ne a gaba.

Idan akwai madubin hange a kan bindiga, shuri mai sauri yana da wata illa. Bakin madubin yana komowa ya sari gira. Tabon yana fita kamar jinjirin wata, maharba na ganinsa suke gane inda aka samo shi.

Nauyi ma yana da nasa laifi

Sai wani ya ce, to a nemi mai kilo 7 mana a huta. Bindiga minti ɗaya take aiki, amma wuni ake yi ana ɗauke da ita. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Damagaram, lokacin da awo ke wuce 40, ya san kilo ɗaya na hantsi ba shi ne kilo ɗaya na azahar ba. Hannun da ya gaji rawa yake yi. Bindiga mai nauyin tsiya tana jinkirin hawa kafaɗa, kuma mai ita yakan gaji ya rataya ta a baya ko ya miƙa wa yaro, sai nama ya ɓullo hannunsa babu komai.

A ganina, a zaɓi mafi nauyin da mutum zai iya wuni da ita kuma ya ɗaga ta da la'asar bakinta bai yi rawa ba. In wannan nauyi bai kai abin da harsashin yake bukata ba, kada a rage nauyin bindiga, a sauko ga ƙaramin harsashi. Mai ƙaramin jiki da .375 da yake sakawa inda ya auna ya fi ƙato da .458 da yake tsoro.

Ba sai kana da bindiga za ka gwada kanka ba. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Ka cika gorunan roba uku masu lita 1 da rabi, kilo 4 da rabi ke nan. Ka ɗaure su a jikin sanda mai ƙwari, tsawon mita ɗaya da ƴan kai, ka matso da su tsakiya. Ka riƙe a hannu, ban da kai, ban da kafaɗa, ka taka daga Birni zuwa kasuwar Dole ka komo. Da ka iso, ka ɗaga sandar kamar mai saiti, ka auna wani dutse, ka ƙirga zuwa 20. In bakin sandar yana yawo tun kafin ka kai 10, wannan nauyi ya fi ƙarfinka a yanzu.

A auna ta da kayanta

Nauyin da mai sayarwa yake faɗa na bindiga tsirara ne. Kai kuwa da kayanta za ka ɗauke ta. Madubin hange da maƙallansa sukan kai garam 500. Harsashin .375 guda ɗaya, da kwansonsa da albarushinsa, wajen garam 40 ne, huɗu sun zama 160. Maratayi wajen garam 150. Bindigar da aka rubuta mata garam 3700, in ka tara: 3700 + 500 + 160 + 150 = 4510. Ta koma kilo 4 da rabi. In takardar daga Amurka ko Ingila ta zo, da laba za su rubuta. Laba 1 garam 454 ce, saboda haka laba 10 kilo 4 da rabi ce da ɗan ɗori.

Sikeli kuma ba ya faɗin inda nauyin yake zaune. Ka tabbatar babu harsashi, ka duba da idonka, ka juya bakinta inda babu mutum. Ka ɗora ta a kan tafin hannu ɗaya ka nemi wurin da take tsayawa ba ta rinjaya gaba ko baya ba. Wurin ya kamata ya faɗo tsakanin hannuwanka biyu, ɗan gaba kaɗan da kunama. Wasu suna huda ƙota su zuba darma don su ƙara nauyi. Shuri yana raguwa, gaskiya ne, amma in darmar ta yi yawa sai nauyi ya koma baya, bakin ya yi sakayau, ya riƙa tashi sama a kowane harbi. Roba mai kauri a gindin ƙota ba ta rage lambar da muka lissafa, tana dai shimfiɗa dukan ya zama turi. Akwai kuma wani ƙarfe mai huji-huji da ake ɗaurawa a baki. Yana rage shuri ƙwarai, amma ƙararsa tana komowa gefe, kunnen wanda ke tsaye kusa da kai shi ke biya.

Ga masu bindigar toka

Damagaram ba baƙuwar bindiga ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, a nan cikin gari ake haɗa albarushi, har igwa ake zubawa. Sana'ar ta gado ce. Sai dai mai toka shi yake auna wa kansa albarushi da darma, kuma duk abin da ya ƙara, ya ƙara wa kafaɗarsa duka, bindigar kuwa nauyinta bai canza ba. Abu ɗaya kuma ba a yi ko da wasa: kada a fasa kartush na zamani a juye albarushinsa cikin ta toka. Ƙarfinsa ya fi abin da hancinta zai ɗauka, fashewa take yi a hannu.

Takardu

Riƙe bindiga sai da izinin hukuma, farauta ma sai da nata farmi daga ma'aikatan gandun daji, kuma a lokacin da aka buɗe ta. Dokar farauta ta Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Ta hana taɓa wasu namun sam, cikinsu har da giwa da raƙumin dawa da jimina. Dajin Termit da Tin Tumma, wanda aka keɓe a 2012, wani ɓangarensa cikin jiharmu yake, arewa da Gure. A halin tsaron da ake ciki, wanda aka tare a hanya da bindiga babu takarda ya jawo wa kansa da gidansa doguwar magana.

Aikin gida

Ka rubuta amsoshin a littafinka, mu duba tare ranar aji mai zuwa.

1. Kartush na kalibar 12 yana da darma garam 36. Bisa ƙa'idar 96, garam nawa ya kamata bindigar ta kai?
2. Bindiga .375 tana da kilo 3 da rabi. Raba 210 da wannan nauyi. In an ƙara mata garam 700, nawa shurin zai koma?
3. An rubuta wa wata bindiga laba 9. Garam nawa ke nan? In ka sa mata madubi da maratayi da harsashi huɗu, nawa za ta nuna a sikeli?
4. Ka yi gwajin gorunan ruwa. Rubuta layi uku: inda ka je, lokacin da ka fita, da lambar da ka kai a ƙirga kafin hannunka ya soma rawa.