Yadda ake tallafa wa iyalin wanda ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman

Idan aka shigar da mutum ɗakin kulawa ta musamman, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ICU, likitoci da nas-nas suna kansa dare da rana. Waɗanda ke zaune a kan tabarma a baranda su ne ba su da mai lura da su. Cincirindon 'yan dubiya a bakin ƙofa ba ya rage musu nauyi, domin shiga ɗakin mutum ɗaya ko biyu ake bari, na 'yan mintuna.

Da farko a tsayar da wakili ɗaya wanda zai riƙa magana da likita. Ba lallai sai babban yaya ba. A zaɓi mai natsuwa, wanda zai kasance a wurin lokacin zagayen likitoci na safe. Idan kowa ya tare nas ya tambaya, bayani biyar za a samu, kowanne da nasa ƙari. A ba wakilin littafi da biro ya rubuta amsar waɗannan: me ya canza tun jiya, me ake shirin yi yau, wane gwaji ake jira, me za a saya. In bai gane ba ya ce, "Likita, a maimaita mini da Hausa." Shi zai riƙa aika saƙo ɗaya ga dangi safe da yamma. Hoton mara lafiya da bututu a baki kuwa, kada ya fita WhatsApp.

Kuɗi ma a hannu ɗaya. Magani da gwaje-gwaje a wannan ɗaki kullum ne, wani lokaci tsakar dare ake miƙo takarda. A ajiye rasit duka a leda guda, a rubuta abin da kowa ya kawo. Masu ba da jini a neme su tun kafin a buƙata: lafiyayye, mai shekara 18 zuwa sama, nauyinsa ya kai kilo 50.

Kafin uwa ko mata ta shiga karon farko, a gaya mata abin da za ta tarar. Injin numfashi yana tura iska ta bututun da aka sa a maƙogwaro, shi ya sa mara lafiya ba ya iya magana, kuma sau da yawa maganin barci aka ba shi don kada ya yi kokawa da bututun. Fuska da hannaye kan kumbura saboda ƙarin ruwa. Ƙarar na'ura ba kullum take nufin hatsari ba. Wayar da ke yatsa ta zame ma tana sa ta kuka. A wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin shiga da bayan fita. Mai mura ya haƙura.

Ga inda ƙauna ke jawo ɓarna: ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa zamzam, rubutu, zuma ko kunu a ɓoye. Ba ya iya haɗiya, sai abin ya wuce huhu ya haifar da ciwon huhu a kan wanda ake fama da shi. A tambayi nas ko za a iya shafa masa a goshi ko hannu. Addu'a da karatu a kunnensa babu laifi, mai yiwuwa ma yana ji, don haka kada a yi maganar da ba za a so ya ji ba. Kada a kwantar da kan gadon. Da gangan aka ɗaga shi wajen digiri 30.

Sannan mai jinya. A raba kwana, kada mutum ɗaya ya yi dare uku a jere. Maimakon "in kuna buƙatar wani abu ku faɗa", a ce, "Yaya, gobe ni zan kai yara makaranta," ko a zo da abinci a kula, da caja, da maganin sauro. In mai jinyar tana da hawan jini ko ciwon suga, a tuna mata da maganinta. A bar kawo labarin wane da ya yi irin wannan ciwo ya rasu. "Ya mai jiki, Allah ya ba shi lafiya" ya wadatar.

Idan mara lafiya ya farfaɗo yana sambatu ko bai gane 'ya'yansa ba, ruɗewa ce da ciwo da magunguna da rashin barci ke kawowa, kuma yawanci tana wucewa. A riƙa gaya masa rana da inda yake, a kawo masa tabaransa, a kuma sanar da nas.