Tsohon firosesa zai yi aiki, ku ne dai kuke ta maimaita kuskure ɗaya

Tambayar nan ta "wai Pentium G4560 ko tsohon i3 har yanzu zai yi aiki kuwa?" na ji ta har ta ishe ni. Waɗannan nau'o'in firosesa ne na Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Amsata a gajarce ita ce eh zai yi, in dama yana hannunka kuma aikinka bai wuce rubutu da burauza da kallon bidiyo da ɗan lissafi a Excel ba. In kuma yanzu ne zaka fitar da kuɗi ka haɗa destof a kansa tun daga farko, to dakata tukunna. Abin da yake ɓata min rai ba tambayar ba ce, abin da mutum yake tafiya ya aikata bayan an ba shi amsa ne, don kusan kullum kuskuren iri ɗaya ne, kamar an haɗa baki.

Babba a ciki, kwamfuta ta yi nauyi sai a ce firosesa ne ya tsufa. An bar jaki ana dukan taiki kenan. Kafin ka kashe ko sisi ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka zuba ido a daidai lokacin da take yi maka wannan jan ƙafar. Sau da yawa zaka ga firosesa yana zaune abinsa a kashi 15 ko 20 cikin ɗari, amma layin dis ya kafe a 100 ya ƙi sauka, ga fitilar nan ta gaban akwati ta kama ja ba ta ko ƙiftawa. Wannan had dis ne mai faifai yana juyi, allura tana yawo tana neman ƙananan fayiloli ɗaya bayan ɗaya, shi kuma Windows na zamanin nan ba ya barin dis ya huta, ga afdet ga mai binciken bairos ga burauza kowa yana ja. Ko i9 ka ɗora a kan wannan had dis ɗin haka zai zauna yana jira. Ka sa SSD, wato dis marar faifai mai sauri, irin mai jonin SATA, ko mai 240GB ne, ka zuba Windows sabo a kai, ka bar tsohon had dis ɗin don ajiyar hotuna da bidiyo. Wani zai ce ai madabod ɗinsa (babban allon da ake dasa komai a kai) tsohon nan ne H61, SATA 2 kawai gare shi, SSD ba zai kai cikakken gudunsa ba. Gaskiya ne ba zai haura 300MB a sakan ba alhali zai iya 500 da wani abu, amma ba wannan lambar ce take sa kwamfuta ta ji sauƙi a hannu ba, saurin tsinto ƙananan fayiloli ne, kuma wannan yana nan ko a SATA 2 ɗin. Ni ban ma yarda in yi wa mutum hukunci a kan firosesa ba sai na ga SSD a ciki da ram 8GB, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki a kai. In 4GB ne da kai, tab goma a Chrome ya cinye shi, daga nan sai Windows ya koma aron wuri a dis, aka dawo gidan jiya.

Tunda an zo kan ram, in zaka ƙara ka sa sanda biyu masu girma ɗaya, 4 da 4 ko 8 da 8, musamman in girafik ɗin cikin firosesa kake amfani da shi don daga ram ɗin yake ɗiba. Kuma ka duba ko Windows ɗinka 32-bit ne, don in shi ne ko 16GB ka cusa bai kai 4 ba zai gani.

Sai masu bautar suna. "Ai nawa i7 ne." Wanne i7 ɗin malam? i7-2600 na 2011 ne, kor huɗu zare takwas (wato ƙwaƙwalwa huɗu masu ɗaukar layin aiki takwas), shi ma i3-12100 na 2022 kor huɗu zare takwas gare shi, kuma ya yi wa wancan fintinkau ba kusa ba. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce janareshan, ita zaka fara dubawa kafin 3 ko 5 ko 7 ɗin. Haka masu ƙirga GHz, Pentium 4 ya taɓa 3.8GHz tun zamanin da, yau ko shafin YouTube ba zai riƙe maka da daɗi ba.

To ga wanda ya ci min kuɗi kuma har yau in na ga wani zai yi sai raina ya ɓaci: sa girafik kad, wato katin sarrafa hoto, a tsohuwar kwamfuta ba tare da an kalli fawa safilai ba, wato akwatin da yake raba wa kwamfuta wuta. Na taɓa samun kad na hannu mai buƙatar wayar wuta mai fin shida, fawa safilai ɗin da ke cikin akwatin kuma irin marar sunan nan ne, an manna masa takarda an rubuta 500W amma in ka ɗaga shi ba nauyi ko kaɗan, wayoyin sirara kamar na caja. Ba shi da wayar fin shidan, sai na nemo ɗan adafta na jona daga wayar had dis na ce ai wuta wuta ce. Ta tashi lafiya, burauza lafiya, ina buɗe gem aka ɗan jima sai na ji wani ɗan "tas" da warin roba, sikirin ya ɗauke. Madabod ya tafi, had dis ya tafi da ayyukan da ban ajiye kwafinsu ko'ina ba, kad ɗin ne kawai ya tsira. Don Allah ku daina wannan gangancin! Lambar da aka rubuta da manyan haruffa ba ita ba ce, ka karanta teburin da ke jikin takardar ka ga nawa layin 12V yake bayarwa, don firosesa da girafik kad duk daga nan suke sha. In fawa safilai bai zo da wayar kad ɗin ba, to yana gaya maka ne ba aikinsa ba ne, kai kuma ka ce sai ka yi masa dabara. Ramin PCIe da ake dasa kad ɗin a ciki da kansa wat 75 yake bayarwa, shi ya sa ni yanzu a tsohuwar kwamfuta ba na wuce kad irin GTX 1050 Ti ko GTX 1650 wanda ba ya neman ƙarin waya, kuma in akwatin irin siririn nan ne na ofis sai ka nemi gajeren kad ɗin, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Ƙari a kan haka da yawa daga kwamfutocin ofis ɗin nan fulogin wutarsu na kamfaninsu ne kaɗai, ba za ka cire ka sa kowanne fawa safilai ya shiga ba. Su kuma masu ɗora ƙaton kad a kan kor biyu, wallahi asarar kuɗi ce, kad ɗin zai yi rabin aiki yana jiran firosesa, gem yana sarƙewa, sai ka ji ana zagin kad.

Akwai kuma tarkon soket, wato ramin da firosesa yake zama a madabod. Wai tunda ya shiga ramin ai zai yi. Soket ɗin Intel na LGA1151 kala biyu ne a aikace: madabod irin H110 da B250 na janareshan na 6 da na 7 ne, janareshan na 8 da na 9 kuma sai H310 ko B360 da 'yan uwansu, fin ɗin 1151 ne duka amma i3-8100 ba zai tashi a H110 ba. Wasu H61 ɗin ma sai an yi musu afdet na BIOS, wato manhajar cikin madabod, kafin su karɓi i5-3470, kuma da tsohon firosesan ake yin afdet ɗin, saboda haka kar ka sayar da shi tukunna. Ka shiga shafin kamfanin madabod ɗinka ka duba jerin firosesan da yake ɗauka, minti biyu ne. Masu soket ɗin AMD na AM4 su suka dace, wanda ya fara da Athlon 200GE a kan A320 zai iya hawa har Ryzen 5 5600 a madabod da yawa bayan afdet na BIOS, wannan kam ba a zubar da shi.

Abin da a zahiri yake kashe tsohon firosesa ba rashin gudu ba ne, a rufe masa ƙofa ne, kuma nan ne mutane ba sa dubawa. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana son Intel janareshan na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, da guntun tsaro na TPM 2.0. G4560 na 2017 ne, janareshan na 7, kaga ya faɗo da tazara ɗaya tak. Ana iya tsallake sharuɗɗan a zuba, ni ma na sha yi, amma ba na yi wa wanda ba zai iya gyara wa kansa ba in afdet ya zo da rigima. Core 2 Duo irin E8400 kuwa ko dabarar ba za ta ci ba daga fitowar Windows 11 ta 24H2, don ba shi da wani umarnin firosesa da take buƙata mai suna POPCNT. Sannan ga wani rukunin umarnin, AVX2, da ya fara zuwa a janareshan na 4 a 2013, i5-2400 da i5-3470 ba su da shi, Pentium da Celeron na waɗancan shekarun ma AVX ɗin gaba ɗaya babu, wasu sababbin gem da manhajoji kawai ƙin buɗewa suke yi, kai kuma kana ta sake zubawa kana cewa fayil ne ya lalace. Ni dai duk wadda ta faɗo daga jerin Windows 11 kuma aikin burauza da rubutu ne, Linux Mint nake zuba mata a madadin Windows in huta. Wasu ba sa so, ban ce dole ba, amma shiga asusun banki da Windows 7 kam kar ka ce ni na ce.

Bidiyo ma haka. In YouTube yana sa fanka ihu a 1080p, tsohon girafik ɗin ne bai san sababbin tsarin matse bidiyo na VP9 da AV1 ba sai firosesa ya ɗauki aikin da ƙarfin tsiya. Ka sa ɗan ƙarin nan h264ify a burauza, zai tilasta tsohon tsarin H.264 wanda ko janareshan na 2 yana warwarewa cikin sauƙi. A nan ma G4560 ɗin da ake rainawa ya fi tsofaffin i5, don shi ya iya VP9.

Ƙa'idata wajen kashe kuɗi ita ce in sayi abin da zai bi ni zuwa kwamfuta ta gaba. SSD zai bi ni, fawa safilai mai kyau zai bi ni, kad ma haka. Tsohon ram irin DDR3 da i7 na mataccen soket ba inda za su, saboda haka sai in sun zo a ɓagas. In na ga lissafin gyaran ya doshi kuɗin ƙaramar kwamfutar nan mai Intel N100, wanda wat 6 aka rubuta masa ga Windows 11 ga AV1, sai in ajiye sukundireba, balle in tsohon firosesan FX-8350 ne mai wat 125 da yake kwana a kunne.

Ƙananan kuma: ka buɗe akwati ka hure ƙura, ka goge busasshen man nan mai ruwan toka da ke tsakanin firosesa da fanka ka ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, don in zafi ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu, manhajar HWMonitor za ta nuna maka. In agogo yana komawa baya duk sanda aka cire wuta, batirin CR2032 na kan madabod ne ya mutu, shi ma in ya sa shafuka suna ƙin buɗuwa sai a ce intanet ne. Kuma in zaka cire firosesan Intel kar yatsanka ya taɓa fin ɗin cikin soket, a madabod suke ba a jikin firosesa ba, ɗaya ya lanƙwashe sai kaga ramin ram guda ya daina aiki.