Kurakuran da masu karatu ke yi da littattafan Discworld, da yadda za a gyara

Tsakanin 1983 da 2015 marubucin Ingila Terry Pratchett ya fitar da littattafai 41 a kan wata duniya ta almara mai suna Discworld, duniya shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, a doron giwaye huɗu, su kuma giwayen suna tsaye a bayan wani ƙaton kunkuru da ke iyo a sararin samaniya. Labarai ne na barkwanci. A nan Katsina ɗalibi kan samu guda a waya ko a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, ya karanta shafi talatin, ya ajiye, ya ce bai ga abin dariya ba. Galibi ba laifin littafin ba ne. Ta ƙofar da ba ta dace ba aka shiga gidan.

Babban kuskure shi ne farawa da na farko. Hankali zai ba ka cewa jerin littattafai daga lamba ɗaya ake kama shi, amma wannan ba labari ɗaya ba ne mai ci gaba. The Colour of Magic na 1983 gajerun labarai huɗu ne da aka ɗinke, kuma yawancin raharsa zolayar littattafan jarumai da matsafa ne da Turawa suka saba karantawa a wancan zamani. Wanda bai san abin da ake zolaya ba, yaya zai yi dariya? Ga shi kuma bai ƙare ba, sai a The Light Fantastic na 1986 ake kwance ƙullin. Marubucin bai riga ya samu muryarsa ba a lokacin.

Gyaran shi ne ka ɗauki littattafan kamar unguwanni a gari guda. Akwai unguwar 'yan sintirin birnin Ankh-Morpork, akwai ta tsofaffin mata masu magani, akwai ta Mutuwa (an mayar da shi mutum mai magana a labarin), akwai ta matsoracin matsafi Rincewind, da ta yarinya Tiffany Aching, da ta ɗan damfara Moist von Lipwig. Zaɓi guda, ka bi ta daga bakinta.

Ga mai karatu Bahaushe, Guards! Guards! na 1989 muka fi ba da shawara, kuma da dalili. Duk ɗan Daura ya tashi da labarin baƙon da ya iso gari da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya. Turawa ma suna da irin wannan zubi: dodo ya addabi gari, jarumi ya kashe shi, aka naɗa shi sarki. Pratchett sai ya juya tabarmar. Wasu 'yan ƙungiyar asiri ne suka kirawo dodon mai feshin wuta da gangan, don su fito da nasu jarumin na jabu, ya yi kamar ya kashe shi, a ba shi sarauta su riƙa juya shi. Waɗanda aka bari da aikin ceton gari kuwa 'yan sintirin dare ne su uku da kowa ya raina, har da shugabansu Vimes wanda ya zama mashayi, sai wani sabon ɗauka, dogon saurayi Carrot, wanda wadanni suka rena har yana ɗaukar kansa wada. Makullin wannan raha yana aljihunka tun kana yaro, ba sai an yi maka bayani ba. Wanda ya fi son wayo irin na Gizo sai ya fara da Going Postal na 2004, inda aka sauko da ɗan damfara daga igiyar rataya aka ce ya zaɓa: ko ya farfaɗo da gidan waya da ya mutu, ko ya mutu shi.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, domin kyakkyawar niyya ce ke jawo shi. Mutum ya tambaya wanne masoya suka fi so, a ce masa Night Watch na 2002, sai ya faɗa masa kai tsaye. Gaskiya ne ana ƙaunarsa: a ƙuri'ar da BBC ta gudanar a 2003 kan littattafan da mutanen Birtaniya suka fi so, yana cikin ɗari na farko, tare da Mort da Guards! Guards! da The Colour of Magic. Amma shi ne na shida a labarin 'yan sintiri. A cikinsa Vimes, wanda ya zama babban mutum, ya faɗa baya shekara talatin, ya tarar da kansa yana ƙuruciya a aikin sintiri, dole ya zame wa kansa malami. Duk nauyin labarin yana kan cewa ka san inda waɗannan mutane suka ƙare. In ba ka san su ba, kamar ka je ta'aziyyar wanda ba ka taɓa gani ba ne. Bi su a jere: Guards! Guards!, Men at Arms na 1993, Feet of Clay na 1996, Jingo na 1997, The Fifth Elephant na 1999, sannan shi. Haka nan The Shepherd's Crown, wanda ya fito a 2015 bayan rasuwar marubucin a watan Maris na shekarar, bar shi ya zama na ƙarshe. Bankwana ne, kuma akwai abin da ya faru a farkonsa da ba zai taɓa ka ba sai ka daɗe da sanin Granny Weatherwax, ɗaya daga cikin tsofaffin matan nan masu magani.

Tun da an ambace ta, ga wani tuntuɓe da ya shafi harshenmu kaɗai. Kalmar Ingilishi da ake kiran su Granny da ita, wato witch, ƙamus zai fassara maka da mayya, sai ka shiga karatu kana jiran a kama kurwar wani. Ba haka suke ba. Aikinsu ya fi kusa da na ungozoma da tsohuwa mai magani a ƙauye: karɓar haihuwa, zama da mai jinya, raba gardama. Granny ma ta fi dogara da karantar halin mutum bisa tsafi. Fara da Wyrd Sisters na 1988, amma ka fara neman taƙaitaccen labarin Macbeth na Shakespeare, ko da sakin layi biyu ne, domin a kansa aka gina shi.

Sai maganar kwafi. Pratchett yana zuba raha a bayanan ƙasan shafi, waɗanda ake yi wa alama da ɗan tauraro. Masu karatun makaranta sun saba tsallake irin wannan, a nan kuwa nan ne naman miyar yake. Kwafin da ke yawo a WhatsApp sau da yawa an watsar da waɗannan bayanai, ko an tara su a can ƙarshe ba tsari. Kafin ka fara, duba shafuka ashirin na farko: in ka ga tauraro ba ka ga bayaninsa ba, kwafin gurgu ne, nemi bugu na gaskiya. Duba kuma maganar Mutuwa. A bugu mai kyau da manyan baƙaƙe yake magana, ba alamar zance. In an mayar da su ƙanana, ba za ka gane wa ke magana ba.

Kada ka jira babi. Yawancinsu ba su da shi, sai dai fili tsakanin fage da fage, nan za ka sa alamarka. Going Postal da na Tiffany suna da babi.

Buɗe ƙamus a kowace kalma ma yana kashe karatun. Wasu kalmomin ba su cikin ƙamus ɗin sam, domin lafazi aka rubuta, kamar yadda marubucinmu zai rubuta Hausar Sakkwato yadda take fita a baki. 'Yan mitsil-mitsil ɗin mutanen nan Nac Mac Feegle da ke cikin The Wee Free Men na 2003 da karin harshen Sikotlan suke magana. Karanta layin da ƙarfi, kunne zai kama abin da ido ya kasa. Kalmar da ta maimaitu sau uku ita ce ta cancanci a duba ta, sauran ka wuce.

Akwai kuma masu ɗaukar abin duk shashanci ne, su yi ta gudu suna neman wurin dariya. A Men at Arms, Vimes yana lissafin takalmi: albashinsa dala 38 a wata, takalmi mai kyau dala 50 ne kuma yana shekara goma, na dala 10 kuwa damina ɗaya ko biyu ya ɓule. Cikin shekara goma talaka ya kashe dala 100, ƙafarsa kuma tana jiƙe. Duk wanda ya taɓa sayen silifa mai araha a babbar kasuwar Katsina sau uku a shekara ya san wannan lissafi a tafin ƙafarsa. In ka iso irin wannan wuri, sassauta.

Wani abu da ya kamata a faɗa a fili: duniyar tana da gumaka na ƙage, kuma Mutuwa mutum ne mai doki da gida. Small Gods na 1992, wanda da yawa ke sa shi a sahun gaba, kacokan a kan wani addini na ƙage yake da masu amfani da shi don zalunci. Bai dace ka miƙa wa ƙaninka ko ɗalibinka shi a matsayin na farko ba tare da ka karanta shi da kanka ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba, littattafan 'yan sintiri da na Moist sun fi karkata ga sha'anin birni, shari'a, kuɗi da mulki, sun kuma kai goma sha ɗaya.