Yadda ake canza madabod a kwamfutar tebur

Kafin ka kashe kuɗinka, tabbatar madabod ɗin, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗuwa a kansa, shi ne ya mutu. A yawancin kwamfutocin da ake kawo mini da ƙorafin mutuwar madabod, laifin na fawa-fak ne, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, musamman bayan wuta ta dawo da ƙarfi, ko kuma ƙura ce ta cika ramin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Gwada wani fawa-fak mai lafiya, ka cire RAM ka goge ka mayar ɗaya bayan ɗaya, ka sake ɗan batirin nan CR2032 da ke jikin madabod. In duk ka yi ta ƙi tashi, ko ka ga ƙuna a jikin allon, to sai maganar saye.

Wajen sayen ne mutane suka fi yin asara, don haka zan daɗe a nan. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ke zaɓar madabod, domin dole ta dace da soket, wato mazauninta a jikin allon. Ta Intel mai soket LGA1200 ba ta shiga LGA1700, ta AMD mai AM4 ba ta shiga AM5. Ko sunan soket ya zo ɗaya, kada ka saki jiki: LGA1151 iri biyu ne, na furosesa zubi na 6 da na 7 daban, na zubi na 8 da na 9 daban, kuma ba sa karɓar na juna. Shiga shafin kamfanin da ya ƙera madabod ɗin ka nemi lambar furosesarka a jerin waɗanda yake ɗauka. Haka RAM: DDR4 da DDR5 kowanne fil 288 gare shi, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, kuma AM5 ba ya cin komai sai DDR5. Sai girma. ATX milimita 305 ne da 244, microATX 244 ta kowane gefe, Mini-ITX 170. Ƙarami yakan zauna a babban akwati, babba kuwa ba ya shiga ƙarami.

Masu HP ko Dell na tebur da aka taɓa amfani da su, irin na ofis da suka cika kasuwanninmu, ku kula sosai. Da yawansu madabod ɗinsu ƙirar kamfanin ce, hatta bakin wayar wutarsu ba mai fil 24 da aka saba ba ne. Shawarata ita ce a duba lambar da ke manne a jikin tsohon a nemo irinsa sak.

Abu ɗaya kuma kafin a kwance: in kwamfutar tana ɗan tashi, kwashe fayilolinka, ka haɗa lasisin Windows da asusunka na Microsoft. In BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle ma'ajiyar bayanai da shi, na kunne, rubuta lambobin buɗe shi 48 a takarda, domin sabon madabod zai iya sa a tambaye ka su, kuma in babu su babu shiga.

Yanzu zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita. Kwantar da akwatin a kan tebur, ka riƙa taɓa ƙarfensa kafin ka taɓa kayan ciki. Da hunturu wannan ya zama dole, saboda 'yar wutar nan da ke tsatsar mutum idan iska ta bushe ta isa ta kashe RAM. Ɗauki hoton ciki da wayarka ta kowane ɓangare, sannan ka cire wayoyi, katin hoto in akwai, da RAM.

Fankar furosesa ba a fizgarta. Kwance ta, ka murɗa ta dama da hagu a hankali har man da ke tsakani ya saki. A AM4 in ka ja da ƙarfi furosesar takan biyo fankar, ƙafafunta su lanƙwashe. A Intel da AM5 kuwa ƙafafun a cikin soket suke, kada yatsa ko tsumma ya kusance su. Bayan fankar, cire furosesar, sannan ka kwance tsohon madabod ka fitar da shi.

Ni nakan haɗa furosesa da RAM da fanka a kan sabon madabod tun yana waje, a bisa kwalinsa. Daidaita alamar kusurwa uku da ke gefen furosesa da ta soket, za ta zauna da kanta ba tare da dannawa ba. Goge tsohon mai da sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya.

Kafin ka saka madabod ɗin a akwati, maƙala faifan ƙarfen baya da ya zo da shi. Sannan ka dubi 'yan dogayen notocin da madabod ke zama a kansu. Kowanne ya zama yana daidai da rami, wanda ba shi da rami a cire shi, don in ya taɓa bayan allon zai haɗa wuta ya ƙone maka sabon kaya. Ina ƙirga su, in ƙirga ramukan, kafin in ɗauki sukundireba. Ɗora madabod ɗin ka ɗaure sukurorinsa daidai, ban da matsewa da ƙarfi.

Mayar da babbar waya mai fil 24, da ta furosesa mai fil 8 ko 4 da ke can sama, wadda aka fi mantawa da ita. Ƙananan wayoyin gaba sai da littafin madabod a hannu: PWR SW, wato ta maɓallin kunnawa, da RESET ko ta yaya ka juya su za su yi aiki, amma na fitilu suna da + da −.

Kada ka rufe akwatin tukuna. Jona monita da kibod ka kunna. In fanka na juyi babu hoto, kashe ka sake danna RAM har maƙallansa su yi ƙas, kuma madabod mai DDR5 yakan ɗauki minti ɗaya ko fiye a tashin farko, ka ba shi lokaci. Danna Del ko F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka duba ya ga RAM duka da ma'ajiyar bayanai, ka gyara kwanan wata, ka lura ko zafin furosesa na hauhawa. In komai lafiya, shiga Windows ka saukar da direbobin sabon madabod, wato manhajojin da ke sa kayansa aiki, daga shafin kamfaninsa, sannan ka rufe murfin ka jona kwamfutar ta sitabilaiza ko UPS.