Darasi na 7: Romon Taliya da Kimchi Irin na Koriya

Mu fara da kalmar. Ku ɗora yatsa a kanta: kimchi. Ana faɗinta "kimci". Ku maimaita sau uku.

Kimchi kabeji ne da mutanen Koriya ke jiƙawa da gishiri, su cuɗa shi da garin barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi, su rufe a tulu har ya yi tsami. Kada tsamin ya ba ku tsoro, mu ma ai rufe kalwa muke yi ta zama daddawa. A can, idan sanyi ya gabato wajen watan Nuwamba, dangi da maƙwabta kan yi gayya su haɗa kimchin da zai kai su ƙarshen hunturu. Sunan gayyar kimjang, kuma UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta saka ta cikin al'adun duniya a 2013. Kimchin da ya daɗe ya yi tsami sosai, shi suke ajiyewa don romo.

Kayan mutum 2: kimchi kofi 1, mai cokali 2, rabin albasa, tafarnuwa ƙwaya 2, ruwa kofi 4, taliyar leda ƙulli 2, ƙwai 2, lawashi. Kofi a nan kofin shayi ne. Cokali kuma babban cokalin cin abinci. 'Yan Koriya kan sa naman alade, mu za mu sa kifin gwangwani, wanda su ma suna yi da shi. In kun sayi kimchi na kwalba, ku karanta abin da ke jikin takardar, ko ku ba wani ya karanta muku. Ba abin kunya ba ne.

Mataki na 1. Ku yanka kimchi ƙanana. Ruwan da ke cikin kwalbar kada ku zubar, ku ajiye a gefe.

Mataki na 2. Ku ɗora tukunya, ku zuba mai da albasa da tafarnuwa, sannan kimchi. Ku soya minti 5 kuna juyawa. Ba a zuba ruwa yanzu.

Na sake faɗa: ba a zuba ruwa yanzu. Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe. Hannu ya saba, da an ga abu a tukunya sai a kai wa ruwa. To suyar nan ita ce ke kwantar da kaifin tsamin, ta fito da ɗan zaƙin kabejin. In ba a soya ba, romon zai fito salam, ga tsami mai kama harshe. Ku duba agogo. In dogon hannu yana kan 12, sai ya kai kan 1. In wayarku ta nuna 6:00, sai ta nuna 6:05. Kabejin zai yi laushi, man ya yi ja. Sannu a hankali, za ku iya.

Iyayena mata, a ajin da ya wuce sau huɗu na faɗi wannan, amma tukwane uku cikin biyar an tsuga musu ruwa tun albasa ba ta yi laushi ba. Haba! Gaggawar me ake yi? Minti 5 ne fa. A soya tukuna.

Mataki na 3. Yanzu ku zuba ruwa da ruwan kimchin da kifi. Ya tafasa minti 10. Ku ɗanɗana kafin ku taɓa gishiri ko magi, don kimchi da gishirinsa yake zuwa.

Mataki na 4. Taliya, minti 3. Ku fasa ƙwai a kai, ku rufe minti 1.

Mataki na 5. Lawashi. A sauke, a sha da zafinsa.

Aikin gida: ku rubuta "a soya tukuna" sau 5.