Yadda ake karanta cikin hoton JPEG, bit bayan bit

A shagonmu na gyaran waya a Jidda, alhazai kan kawo katin memori mai hotunan da suka ƙi buɗewa. Dalilin da ya sa na rubuta 'yar manhajata ta karanta cikin fayil ɗin JPEG ke nan, ga kuma yadda za ka yi taka.

Duba bayit biyun farko na fayil ɗin (bayit ɗaya bit takwas ne, kowane bit kuma 0 ne ko 1; harafi ko lamba biyu, kamar FF, bayit ɗaya ne): in ba FF D8 ba ne, ba lafiyayyen JPEG ke hannunka ba. Kowace alama, wato bayit biyun da ke nuna irin sashen da ke tafe, da FF take farawa. Yawancinsu bayit biyu na tsawon sashen ne ke binsu, babba tukuna, kuma su ma suna cikin lissafin, don haka cire 2 kafin ka tsallake. FF C4 teburan Huffman ne, wato jerin lambobin da ake warware matsattsen bayanin hoton da su, FF C0 kuma zai ba ka tsayi da faɗin hoton.

Ainihin aikin yana bayan sashen FF DA, inda bayanin hoton kansa ke farawa. Nan za ka koma ɗaukar bit ɗaya-ɗaya, mafi girma tukuna. Ni nakan tara su a ma'ajin bit 32, in ƙara idan sun gaza 16, tunda lambar Huffman ba ta wuce haka.

Nan fa a kula, ɗan'uwa. In FF ya zo da 00, FF ɗin bayani ne: riƙe shi, jefar da 00. In kuwa D0 zuwa D7 ne ya biyo, alamar sake farawa ce: zubar da ragowar bit, mayar da ƙimar DC da ka riƙe (matsakaicin haske ko launin gutsuren hoton da ya gabata) sifili. Ina matuƙar son waɗannan alamomin, domin in tsakiyar hoto ta lalace, da su nake ceto sauransa, wataƙila hoton Arfa ɗaya tilo na wata hajiya.

Da ka iske FF D9, alamar ƙarshen hoto, ka tsaya.